Wanda Ya Fito Daga Gidan Yari, Wa Zai Karɓe Shi?

Jawabin da ma'aikacin sashen ci gaban al'umma ya gabatar a taron shugabannin ikkilisiyoyi, masu unguwanni da masu sana'a

Mun san wasunku sun kulle shago, wasu sun baro gona domin wannan zama. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Mun kira ku ne domin mu sanar da ku cewa an amince da takardar neman tallafi da muka rubuta. Za a ba mu kuɗi na shekara biyu domin koya wa waɗanda suka fito daga gidan yari sana'a, da kuma taimaka musu su sake zama cikin jama'a. Mun ga bai kamata mu taɓa ko kwabo ba sai mun zauna da ku. Mun taɓa yin irin wannan aiki mu kaɗai a baya, bai yi kyau ba, kuma za mu faɗa muku inda muka yi kuskure.

Su wane ne muke magana a kansu?

A shekarar 2024 yawan mutanen da ke tsare a gidajen yarin Nijeriya ya haura 80,000. Kusan biyu daga cikin kowane uku ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi. Wani zai yi shekara uku ko huɗu yana jira, a ƙarshe kotu ta sallame shi ba tare da an same shi da laifi ba. Amma da ya dawo unguwa sunansa ya zama tsohon fursuna.

Akwai kuma waɗanda talauci ne ya riƙe su a ciki. A watan Nuwamba na 2023 Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta fara sakin mutum 4,068 waɗanda aka ci su tara suka kasa biya. An tara naira miliyan 585 daga kamfanoni da masu hali aka biya musu. In kun raba, kusan naira 144,000 ke nan a kan kowane mutum. Saboda rashin irin wannan kuɗi magidanci ya zauna a kulle, 'ya'yansa suka bar makaranta.

Ba za mu ɓoye ba, akwai waɗanda suka yi ɓarna mai tsanani, suka sa iyalai kuka. Su ma yawancinsu wata rana za su gama wa'adinsu su fito. Unguwanninmu za su dawo, kasuwarmu za su ci. Abin da ke hannunmu shi ne halin da za su tarar.

Abin da doka ta tanada

A watan Agusta na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar da ta sauya sunan hukumar gidajen yari zuwa Hukumar Kula da Gidajen Gyaran Hali. Dokar ta ɗora wa hukumar nauyin ba da ilimi da koyar da sana'a. Ta kawo hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar yi wa al'umma aiki, da sasantawa tsakanin mai laifi da wanda aka yi wa laifi. Ta kuma tanadi takardar shaidar kyakkyawan hali ga wanda ya nuna ya gyaru, ta hana a nuna wa mai wannan takarda bambanci saboda ɗaurin da ya yi. A watan Maris na 2023 an gyara kundin tsarin mulki, yanzu jihohi ma suna da ikon kafa nasu gidajen gyaran hali. Wannan ya ba mu damar zuwa wurin gwamnatin jiha da 'yan majalisarmu mu yi magana a kan lamarin.

Ƙa'idodin Majalisar Ɗinkin Duniya na kula da fursunoni, waɗanda aka sabunta a 2015 aka sa musu sunan Nelson Mandela, sun ce tun daga farkon ɗauri ya kamata a fara tunanin rayuwar mutum bayan ya fita. Bahaushe ma ya ce ba a fafe gora ranar tafiya.

A gidajen yari da yawa ana koyar da aikin kafinta, ɗinki, walda da noma. Jami'ar karatu daga gida ta ƙasa tana da cibiyoyi a wasu gidajen, inda fursunoni ke karatu kyauta. Amma gandiroba a bakin ƙofa yake tsayawa. Ba zai bi mutum gida ya roƙi surukansa su mayar masa da matarsa ba. Ba zai je wurin mai gidan haya ya tsaya masa ba. Daga ƙofar nan zuwa gaba, aikin namu ne.

Kuskurenmu na farko

Shekarun baya mun sami ɗan tallafi. Muka tara waɗanda suka fito, muka koya musu sana'a na wata uku a harabarmu. Muka sayi kekunan ɗinki da kayan aski da injin markaɗe. Muka yi bikin yaye, aka kafa rumfa, aka yi jawabai, aka ɗauki hotuna. Muka rubuta rahoto mai kyau muka aika.

Bayan wata shida muka fita zagaye. Muka je neman wani saurayi da ya fi kowa iya ɗinki a ajin. Mun same shi a tasha yana dako. Muka tambaye shi ina keken. Ya sunkuyar da kai ya ce ya sayar tun a wata na biyu. Ranmu ya ɓaci, muka fara yi masa faɗa. Ya bari muka gama, sa'an nan ya ce, "Ranar da kuka ba ni keke, kun tambaye ni inda zan kwana?" Ba mu da amsa.

Ashe yana kulle mahaifinsa ya rasu, aka raba gado ba da shi ba, ɗakinsa kuma aka sa ɗan haya. Keken a zauren wani abokinsa ya ajiye. Ba wanda ya yarda ya ba shi yadi, kowa yana tsoron kada ya gudu da shi. Da yunwa ta yi yawa ya sayar da keken a rabin kuɗinsa. Ba shi kaɗai ba ne. Wasu mun neme su mun rasa, aka kuma gaya mana cewa ɗaya ya koma ciki.

Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Mun ba mutum kayan aiki, ba mu nema masa wurin aiki ba, ba mu nema masa mutanen da za su yarda da shi ba. Mun ƙidaya kekuna muka ce mun yi nasara.

Abin da muka koya

Na farko, makonnin farko su ne mafi haɗari. Wanda ya fito ba kuɗin mota, ba masauki, ba abinci, tsoffin abokansa ne za su fara tararsa, domin su ba sa ƙyamarsa. Saboda haka za mu nemi izinin hukuma mu fara ganawa da mutum tun saura wata uku ya fito. Ranar fita kuma wani daga cikinmu zai kasance a bakin ƙofa.

Na biyu, takardun shaida. Tun daga ƙarshen 2020 gwamnati ta ce a haɗa kowane layin waya da lambar NIN. Banki ma ba ya buɗe asusu sai da NIN ko BVN. Wanda ya daɗe a kulle sau da yawa ba shi da ko ɗaya, layinsa na da kuma an ba wani. Ba waya, mai son aiki ba zai same shi ba. Ba asusu, ba inda za a tura masa kuɗin aikinsa. Wannan za mu fara gyarawa a makon farko.

Na uku, lafiya. Cunkoso yana yaɗa tarin fuka da cututtukan fata. Maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati, amma sai an sha wata shida ba fashi. Wanda aka sallama yana tsakiyar shan magani, in ya daina, cutar tana iya dawowa da ƙarfi har ya sa wa iyalinsa. Haka ma mai shan maganin ƙanjamau. Akwai kuma masu fama da shaye-shaye, da waɗanda abin da suka gani a ciki ya hana su barci. Za mu kai kowa asibiti a duba shi kafin ya fara koyo.

Na huɗu, iyali da wanda aka yi wa laifi. Akwai gwauruwar da aka sace wa akuya, akwai ɗan kasuwar da aka fasa wa shago. In suka ga ɓarawonsu ya dawo da sabon injin walda, su kuwa ba wanda ya ce musu sannu, mun shuka sabuwar gaba. Inda mai haƙƙi ya yarda, za mu zauna tare da mai unguwa da shugabannin addini, mai laifi ya amsa laifinsa, ya nemi gafara, a yi maganar abin da zai iya biya a hankali. Inda bai yarda ba, ba za mu tilasta masa ba.

Na biyar, kasuwa ce za ta zaɓi sana'a. A da mun koya wa kowa ɗinki domin malamin ɗinki muke da shi. Yanzu za mu fara tambayar ku masu sana'a inda ake neman hannu, ko gyaran babur ne, ko gyaran waya, ko birkila, ko sa tayil, ko haɗa wutar sola, ko noman rani. Kuma a shagon maigida za a yi koyo, yadda kowa a nan ya koya. A wurin maigida yaro yake koyon farashi, da yadda ake magana da mai kawo aiki, a nan ne kuma jama'a suke sabawa da fuskarsa. Wanda ya ƙware za mu biya masa ya yi jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago domin ya sami takarda.

Yadda za a kashe kuɗin

Muna so kowa ya san lissafin. A cikin kowace naira 100, ga yadda muka tsara:

Naira 30 kuɗin koyo, da ɗan abin da za a ba maigida domin kayan da ɗan koyo zai ɓata.
Naira 25 kayan aiki.
Naira 20 abinci, kuɗin mota da taimakon haya a watannin farko.
Naira 15 asibiti, takardun shaida, zaman sulhu da ziyara.
Naira 10 aikin ofis, binciken kuɗi da rahoto.

Ba mu ware ko kwabo domin biki ba.

Ba za a ba kowa kayan aiki a ranar farko ba. Sai maigidansa ya shaida cewa ya iya, kuma an sami inda zai kafa. Kayan za su zama na kwamiti har shekara guda, sa'an nan su zama nasa. Zai riƙa mayar da wani kashi kaɗan-kaɗan cikin asusun da za a taimaki na bayansa. Za mu kuma sa shi cikin adashi tare da sauran masu sana'a.

Akwai matsalar tsada. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, aka kuma saki darajar naira, farashi ya yi ta hawa, har hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin 100 a 2024. Ƙungiyoyi da yawa sun rubuta kasafi, kafin kuɗi su iso farashin kaya ya canza. Domin haka mun roƙi masu ba da tallafin su yarda a sake duba kasafin kowane wata shida. In kuɗi suka gaza, gara mu rage yawan mutane mu riƙe su da kyau, da mu ɗebi da yawa mu sake su a tsakiyar hanya.

Riƙon amana

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kuɗin nan wasu ne suka tsame daga aljihunsu, yawancinsu ba masu arziki ba ne. Za a ajiye su a asusu na dabam. Mutum uku ne masu sa hannu, ba a cire kuɗi sai biyu sun sa. Kowane saye da rasit. Kowane wata uku za mu karanta rahoton kuɗi a gaban kwamiti, duk mai son gani ya zo ofis ya gani.

Ma'aunin nasara ma mun canza shi. Za mu duba mutum nawa ne suke kan aikinsu bayan wata shida da bayan shekara guda, nawa ne suke da wurin kwana, nawa ne suka shirya da iyalinsu, nawa ne suka koma ciki. In adadin bai yi daɗi ba, haka za mu rubuta shi.

Ba za mu buga sunan kowa ko hotonsa ba sai da yardarsa. Kuma taimakon na kowa ne, Kirista da Musulmi, mace da namiji. Ba za a ce wa kowa sai ya zo sujada ko ya canza addini kafin a taimake shi ba. Mata da suka fito sun fi shan wuya, domin sau da yawa sukan tarar aure ya mutu, an kwashe 'ya'ya. Mun ware musu gurabe tun daga farko.

Ga ikkilisiyoyi da ƙungiyoyin da suke so su nemi irin wannan tallafi da kansu, ku fara da rajista a hukumar rajistar kamfanoni, ku nemi takardar SCUML da bankuna suke tambaya, ku buɗe asusu da sunan ƙungiya, ku riƙa ajiye rahoton taro da na kuɗi. Ku fara aiki da abin da ke hannunku, domin mai ba da tallafi yana son ya ga abin da kuka riga kuka yi. Ku kuma yi hankali da masu cewa ku biya kuɗin fom za su samo muku tallafi daga waje. Yawancinsu 'yan damfara ne. Ofisoshin hukumar samar da aikin yi ta NDE da na SMEDAN suna jihohi, ku je ku tambayi shirye-shiryensu. Mai ɗan'uwa da ke jiran shari'a ba lauya, ya je ofishin hukumar ba da taimakon shari'a kyauta, wadda aka kafa tun 1976.

Tambayoyin da muka sani suna ranku

Wata uwa ta tare mu bayan sujada ta ce, "Ɗana bai taɓa sata ba, ya gama makaranta yana zaune. Sai ya yi laifi za ku ba shi jari?" Maganarta gaskiya ce, kuma ta yi mana nauyi. Amsarmu ita ce, wannan kuɗi an ba da shi ne domin wannan aiki, ba mu da ikon karkatar da shi. Amma duk shagon da ya karɓi ɗan koyo ɗaya daga wurinmu, za mu roƙi maigidan ya ɗauki wani matashi na unguwa tare da shi, mu kuma nemi kuɗinsa daga baikon ikkilisiyoyi da gudummawar jama'a. Mu kuma tuna cewa in wanda ya fito ya rasa abin yi, gidajenmu ne zai haura.

Wasu kuma suna tsoro, suna cewa in ya sake yi fa? Yana iya faruwa. Ba mu yi muku alkawarin cewa kowa zai gyaru ba. Gafara dabam, amana dabam. Ana iya gafarta wa mutum yau, amma amana a hankali ake gina ta. Wanda aka ɗaure saboda cin zarafin yara ba za mu sa shi inda yara suke ba. Wanda aka ɗaure saboda kuɗi ba za a ba shi ajiyar kuɗin shago tun farko ba. Za mu gaya wa maigida gaskiyar laifin mutum, da sanin mutumin, kafin ya karɓe shi. In aka yi ɓarna, kwamiti zai zauna a kai, ba za mu bar maigida da asara shi kaɗai ba.

Abin da muke roƙo

Iyayenmu masu sana'a, muna roƙon kowace ƙungiya ta ba mu sunayen masu shago da za su karɓi ɗan koyo ɗaya.

Masu unguwanni, ku taimake mu da zaman sulhu, da maganar gado da gonakin da aka riƙe wa waɗanda suke kulle.

Fastoci da malamai, ku yi wa jama'a magana. Dukanmu mun san labarin Yusufu, wanda aka jefa a kurkuku a kan ƙarya, daga baya ya ceci ƙasa daga yunwa. Mu Kirista kuma mun san yadda Manzo Bulus, yana ɗaure, ya rubuta wa Filimon ya karɓi Onisimus kamar ɗan'uwa, har ya ɗauki nauyin bashin da ake binsa. Irin wannan mai tsayawa muke nema wa kowane mutum ɗaya. Zai riƙa ziyartarsa sau ɗaya a mako, ya ji damuwarsa, ya tsawata masa in ya kauce.

Iyayenmu mata, ku kuka fi kowa sanin gidan da ake kuka. Ku ziyarci matan da mazansu ke ciki, ku duba ko yaran suna zuwa makaranta.

Sauranmu duka, mu kai musu aiki. In an buɗe shago, mu kai yadi, mu kai babur, mu biya kuɗin aiki daidai. Mu daina kiran mutum da sunan laifinsa.

Kammalawa

Shekara biyu kamar gobe ne. Tallafin zai ƙare, amma ba za a daina sakin mutane ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Domin haka muna ba da shawara kowace ikkilisiya ta ware baikon Lahadi ɗaya a shekara domin wannan asusu, ƙungiyoyin sana'a kuma su riƙe tsarin karɓar 'yan koyo ko bayan kuɗin waje sun ƙare.

Saurayin nan da muka samu a tasha, wani tsohon tela ne a ƙarshe ya ji labarinsa, ya ce a kawo shi. Ya fara da sa maɓalli da guga. Wata biyar bai taɓa almakashi ba. Yau shi ne yake buɗe shagon da safe, mabuɗi yana hannunsa. Da muka tambayi tsohon me ya sa ya karɓe shi, ya ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Bai karɓi kuɗin kowa ba.

Takardar rubuta suna tana kan tebur a bakin ƙofa. Wanda zai karɓi ɗan koyo, ko zai tsaya wa mutum ɗaya, ko yana da ɗakin da zai ba da haya da sauƙi, ya rubuta kafin ya tafi. Bayan an sha ruwa za mu rabu ƙungiya huɗu mu tattauna, mu kuma zaɓi 'yan kwamiti.

Ubangiji ya ba mu zuciyar jinƙai da hikimar yin aikin, ya kuma mai da kowa gidansa lafiya. Amin.